Kawu Mai Famfo da Gogen Turawa

Shekara talatin Kawu ya yi yana gyaran famfo. Satin da ya ajiye aiki ya shiga shagon kayan kwance neman kujera, ya fito da gogen Turawa a akwatinsa. Inna, matarsa, ta tambaye shi kujerar, ya ce ai wannan a tsaye ake yinsa.

Ranar farko ya goga izgar a kan tsirkiya, bai ji komai ba sai huci. Ya mayar wa mai shago, ya ce abin bebe ne. Mai shago ya miƙo masa ɗan ƙaro, ya ce ya riƙa shafa wa izgar. Ya shafa, sauti ya fito. Inna ta ce ita dai da beben aka bar mata.

Kawu ya bi matsalar yadda ya saba. Ya duba ramukan nan biyu na jikin gogen, ya ce ta nan yake yoyo, ya liƙe su da salatif. Ya ƙara ɗaure tsirkiya har guda ta tsinke ta tsaga masa gira.

A sati na uku wata tsohuwar malamar kiɗa da ke hawa na sama ta sauko da sandarta.

"Malam, me ya yi maka?"

"Gyara shi nake, Malama."

Ta ɓare salatif ɗin, ta karɓi gogen, ta ja sau ɗaya. Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Malama. "Kai ne kake riƙe izga kamar sufana. Saki hannu. Ba ƙarfi yake so ba."

Ta ba shi aiki: tsirkiya ɗaya, a gaban madubi, izga a miƙe, minti ashirin kullum bayan karin kumallo. Wata huɗu yana kan wannan tsirkiyar. Ya ce ko bututun da ya toshe bai taɓa raina shi haka ba.

Da shekara ta zagayo, ya zaunar da Inna ya kaɗa mata waƙa guda daga farko har ƙarshe. Ta ce ta gane ta, ta faɗi sunan wata waƙar daban. Kawu ya ce e, ita ce.

Yanzu yana da shekara sittin da uku. Malama ta ce nan da baɗi za su fara koyon danna tsirkiya da ɗan yatsa na huɗu.