Yadda Na Kashe Lasisin Yayana

A unguwar Hindawiyya aka haife ni, nan ƙasa mai tsarki. Nan na yi tallar gyaɗa, nan na haifi 'ya'yana, amma har yau takardata ta zaman baƙuwa ce, iƙama. Ban san alif ba sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya. Ku saurara yara, ba labarin daɗi na zo da shi ba.

Ina da yaya, Usman. Ba cikinmu ɗaya ba, Inna ce ta shayar da shi, shi kuma ɗan ƙasa ne. Yana da ofishin dillancin gidaje a unguwar Bagdadiyya, lasisinsa a bango. Da aka rushe unguwanninmu mata suka rasa matsuguni, ni nake kawo masa su yana ba ni na shayi. Tun ranar farko ya zaunar da ni. "Ke dai kawo mutane. Talla sai mai lasisi, arbun, wato kuɗin kama gida, sai a ofis. In na kauce, gargaɗi ne, sai tara, sai dakatarwa, sai a soke gaba ɗaya. Da takardar nan nake ciyar da gidana." Na ce, "Halas Yaya, shi ke nan, na ji."

Ji kawai na yi. Da hannuna ya faɗa da rubutu, na kwafe lambar lasisin na riƙa ɗora hotunan gidaje a waya da ita. Da farko arbun kan kwana a jakata kafin ya isa ofis. Daga baya ya daina isa. Sai na gano abin da ya hallaka ni: macen da ta zo umara ta maƙale babu takarda, ba ta kai ƙara, domin ita za a fara riƙewa. Gida ɗaya a Waziriyya na karɓi kuɗin mata da yawa a kansa. In suka zo da kuka sai in ce, "Yalla, je ki wurin 'yan sanda mana. Ko in raka ki?"

Wata rana ga wata tsohuwa, silifas ɗin roba, abaya ta koɗe, Hausa a bakinta tas. Na ce a raina wannan ma ba ta da takarda. Na karɓi kuɗinta. Da ta dawo neman makulli na yi mata barazanar da na saba. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ya binti, 'yar nan, kakana a Makka aka binne shi. Ni 'yar ƙasa ce tun ba a haifi uwarki ba. Raka ni ɗin."

Ta kai ƙara. Lambar da ke kan tallan ta Usman ce, don haka shi aka fara kira gaban kwamitin ladabtarwa. Ya rantse bai sani ba. Aka ce masa tsare lasisi aikin mai shi ne. Aka ci shi tara, aka soke lasisin. Ni kuma kotu ta kama ni da zamba, sai kurkukun mata.

Sau ɗaya ya zo. Ya rame, mota yake ja yanzu. "Don nonon Inna na zo, ba don ke ba." Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Matan da kika cuta ƙofata suke bugawa. Fara da su, in kin san inda suke kwana." Ya juya.

Na gama wa'adina, amma ba gida aka sake ni ba. Ina wurin jiran kora, za a kai ni Kano, garin da ban taɓa gani ba, 'ya'yana kuma suna nan. Na tuba, Allah ne shaida, sai dai tuba ba ta dawo wa Usman da lasisinsa ba.

Kada ku taɓa takardar da ba taku ba, ko ta ɗan uwanku ce. Kada ku ci kuɗin wanda tsoro ya rufe wa baki. Kullum ina ɗaga hannu in nemi yafiyar matan nan, sai in tsaya. Ban san sunayensu ba. Ban taɓa tambaya ba.