Injin Asma da Jan Ƙyallen Babban Baƙo

Har gobe ban manta da wata safiya ba, a shekarun da ake kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja. Ina ƙaramar nas a wani sabon asibiti da ko fentinsa bai gama bushewa ba. An kawo mana injin asma guda ɗaya tilo, irin wanda ke mai da magani tururi, yaro ya shaƙa ta abin rufe hanci. To amma an naɗe shi a leda an ɗaura masa jan ƙyalle, wai sai babban baƙo ya zo da yamma ya yanka. Likitanmu ma an kwashe shi zuwa filin jirgi taryen baƙon, don kun san ba a sauka daga jirgi lafiya sai da likitan yara.

Sai ga wata mata daga Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane, a guje, goye da 'yarta Ladi, 'yar shekara biyar, tana ihu da 'yar guntuwar Hausarta.

"Sista, yarinyana ba ya numfashi! Tun da muka gasa tukwane yake tari."

Na ɗaga rigar yarinyar. Fatar ƙirjin tana lotsawa tsakanin haƙarƙari, numfashin yana fita da ƙara kamar usur, ko sunanta ta kasa faɗa. Asma ce, hayaƙi ya tayar da ita. Na nufi injin, sai jami'in mulki, wanda muke kira Oga Admin, ya tare ni da tumbinsa.

"Sista, no! Wannan na commissioning ne, na bikin buɗewa. Ki ba ta maganin tari mana."

"Oga, ba za ta kai yamma ba."

"Ni za a tambaya, ba ke ba."

Muna cikin haka ƙarar usur ɗin ta ɗauke. Oga ya washe baki, ya zama likita nan take. "Kin gani? Ta yi shiru, ta samu sauƙi."

Ni kuwa wallahi na tsorata. A asma, irin wannan shirun na nufin iskar da za ta yi ƙarar ma ta daina shiga. Leɓunanta sun soma canza launi. Na zaro almakashin bandeji na yanke ƙyallen, ba jawabi ba tafi. Na zuba magani, na zaunar da ita a cinyar uwarta, na kafa mata abin a hanci. Can sai tarin ya dawo, usur ɗin ya dawo. Daga baya ta ɗago ta ce, "Mama, ruwa." Hawaye suka zubo mini.

Oga ya nemo salatif ya liƙe ƙyallensa, ya yi mini alkawarin takardar tuhuma, kuma ya cika. Ladi da uwarta aka mayar da su ɗakin baya, kada su ɓata tsari. Da yamma baƙo ya yanka, aka yi tafi, aka ɗauki hoto da ɗan Oga, ƙato lafiyayye, sanye da abin hancin, wayar injin tana lilo ba a ko jona ta ba. Washegari Ladi ta tafi gida da ƙafafunta.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya. Yaro mai asma in ya yi shiru, ku ruga. Oga in yana surutu, ku ƙyale shi, ai numfashinsa lafiya lau.