Rabi'u da Tayar Surukinsa

Rabi'u makanike ba haifaffen Madarunfa ba ne. A Safo aka haife shi. Ubansa mai amalanken jaki ne, yana ɗauko wa mutane dammunan gero daga gona, kuma tun Rabi'u yana ƙarami shi ke cire tayar amalanken ya wanke ya cusa mata giris, domin idon uban ba ya gani sosai. Bai daɗe a lakwal ba, wato makarantar boko. Ya tafi Maraɗi koyon gyaran mota wurin wani maigida mai saurin duka, ya yi shekarunsa a can, ya ƙetara Katsina cin rani, ya dawo da akwatin kayan aiki da tabon ƙuna a damtse. Ba shi da surutu, ba shi da fara'a. Aiki kuwa ya iya shi.

Da ya sauka garin nan ya auri Barira, 'yar farin Alhaji Ɗan Baba mai a-kori-kura. Alhaji ya ba shi aron fili a bakin hanya, kusa da tasha, ya kafa rumfar kwano. Filin nan shi ne abincinsa. Duk motar da ta shigo gari sai ta wuce ta gabansa, kuma kowa ya san da Alhaji ya ce a tashi, an tashi ke nan. Gidana yana kallon rumfar, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Rabi'u ya riƙe surukuta yadda aka koya masa a ƙauye. Bai taɓa cin abinci inda Alhaji yake ba. In ya hango shi tafe sai ya sake hanya, in ba hanya ya cire takalmi ya tsuguna, kai a ƙasa, gaisuwa kawai. Motar ma ba Alhaji ke kawo ta gyara ba, direbansa Ado ke kawowa. Mutanen gari suna yaba wannan ladabi ƙwarai. Har misali ake yi wa samari da shi.

A motar nan muke zuwa kasuwar Gabi, ni da man gyaɗata da ƙuli-ƙuli, wasu matan da bandar kifin tafki, muna zaune a kan buhuna a baya. Bayan damina sai tayar gaba ta fara wani gurnani, kamar ana niƙa daga nesa. In Ado ya ƙara gudu gurnanin ya ƙaru, in ya sha kwana ya sauya murya. Maganin da Ado ya samo shi ne ƙara ƙarar rediyo. Tsoron Alhaji yake ji, domin a wurin Alhaji duk direban da ya ambaci gyara ya haɗa baki ne da makanike.

Rabi'u daga rumfarsa ya ji ta tana wucewa. Ya tsai da Ado, ya ɗora tafin hannu a cibiyar tayar, ya janye da sauri don zafi. Ya sa kirik ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, tana kaɗawa kamar haƙorin tsoho. Ya ce rulma ce ta mutu. Rulma, wadda 'yan Katsina ke ce wa boris, zoben ƙarfe ne mai 'ya'ya a ciki, a kansa taya ke juyawa. In ta cinye, wata rana tayar za ta kama wuta ko ta fice ta bar motar. Ado ya ce shi fa ba bakinsa ba, ɗan gida ya faɗa.

To ɗan gida ba ya magana da surukinsa. Sai ya gaya wa Barira, filla-filla, har da cewa za a iya rasa rayuka. Barira 'yar fari ce, ita ma ba ta zama gaban ubanta, ko sunanta ba ya kira. Ta kai wa uwarta. Uwar ta ga ambaton haɗari a kan motar mijinta mugun baki ne, sai ta tace maganar, ta ce wa Alhaji wai yaron nan ya ce in an samu hali a ɗan duba taya. Alhaji ya ce a ƙara mata giris. Aka ƙara.

Da na ji haka na ɗauki mayafina na tafi da kaina, tunda ni ba surukarsa ba ce, tare muka yi wasan ƙasa. Na same shi a zaure na faɗa masa yadda Rabi'u ya faɗa, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Hajiya, yaushe kika buɗe gareji? Ki tsaya kan ƙuli-ƙulinki. Da abin ya kai haka, ai da namiji zai aiko mini."

Na ce masa namijin da zai aiko, wato Ado, yana tsoronsa, wanda ya san abin kuma an ɗaure masa baki. Ya ce in gaida gida.

Rabi'u ya ji yadda muka yi. Ya hau babur ya tafi Maraɗi ya sayo sababbin rulma na tayoyin gaba duka, ya ajiye cikin akwati. Barira ta gaya mini tana roƙonsa ya bari, kada ya jawo a kore su daga filin. Ya ce mata ya ji.

Ranar kasuwa da safe an gama lodi, muna tsaye a tasha, Ado ya gangara da motar rumfa a ƙara iska. Rabi'u ya sa kirik, ya kwance tayar, ya ajiye ta gefe, ya cire murfin cibiya, ya zare noti. Kafin Ado ya gama salati cibiyar tana ƙasa. Ado ya ruga ya kira Alhaji, mu kuma muka bi motar don kayanmu na kanta. Nan da nan wurin ya cika.

Da Alhaji ya iso, kowa ya zaci Rabi'u zai zagaya bayan rumfa kamar yadda ya saba. Bai tafi ba. Ya cire takalmi ya tsuguna, hannu duk baƙin mai. Alhaji bai dube shi ba, sai ya dubi Ado, ya ce a gaya wa wannan ya mai da masa tayarsa yanzu, mutane na jira.

Rabi'u bai jira Ado ya maimaita ba. Ya ɗaga kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Motar nan ba za ta ɗauki mutane a haka ba. Ga abin da ke cikinta."

Ya miƙa tsohuwar rulmar a tafin hannu. Ina kusa, na gan ta. 'Ya'yan sun yi shuɗi don ƙuna, wasu sun farfashe, girisin da aka ƙara ya zama baƙin kunu mai garin ƙarfe. Alhaji ya kau da kai kamar an miƙa masa mushe. Ya ce wa jama'a su shaida, yau a bakin tasha yaron da ya ba 'ya ya ba fili ya tsare shi da ido yana mai da masa magana. Ya juya ya tafi.

Rabi'u ya koma kan aikinsa. Ya buge tsohon zoben da guduma ya fitar, ya wanke cibiyar da man gazuwal, wato dizal, ya zaunar da sabon a hankali, ya murza giris a tafin hannu yana cusawa har ya fito ta ɗaya gefen. Ya ɗaure notin tam, ya ɗan sassauta, ya juya tayar yana saurare. Sannan ya zagaya ya yi wa ɗaya tayar haka, mata suna ta zaginsa a kansa. Sai wajen azahar muka tashi. Mun tarar da kasuwa ta fara watsewa, masu kifi suka dawo da rabin kayansu. Motar ta je shiru ta dawo shiru.

Wannan shirun ne ya cuce shi. Da tayar ta fice a hanya ta zubar da mu cikin rami, da an ce ai Rabi'u ya faɗa, a yi zaman makoki ana yaba masa. Tunda ba wanda ya ƙwarzane, sai ya zama ba abin da ya faru sai rashin kunya. Waɗanda suke misali da ladabinsa su ne suka fara cewa dama ɗan ƙauye in ya ga gari haka yake. Ado, wanda ƙafarsa ke daidai kan tayar nan kullum, ya ce shi dai iska ya je sha.

Dattawan unguwa suka je ban haƙuri. Alhaji ya ce ya yafe, da sharaɗin Rabi'u ya zo zaure gaban mutane ya ce kuskure ya yi, tayar lafiyarta ƙalau, ɗoki ne na yaro. Rabi'u ya je, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya roƙi gafarar ɗaga kai da ya yi da maganar da ya mayar. Aka ce saura ɗayan. Ya ce wannan ba zai iya ba, rulmar ta mutu.

Kafin Juma'a aka aiko masa ya kwashe rumfarsa. Shi ya ɓamɓare kwanon da hannunsa, ya ɗora a amalanken haya, ba ko mutum ɗaya daga tasha da ya kama masa. Yanzu yana bayan gari ƙarƙashin wata bishiyar bedi, inda mota ba ta bi. Yawancin aikinsa amalanken jaki ne da babura, domin masu motocin garin abokan Alhaji ne, ba sa son a gan su can. Barira na kai masa abinci da ƙafa, da goyo a bayanta. Filin kuwa Alhaji bai gina komai a kai ba, raguna yake ɗaurewa.

Har yau muna shiga motar nan. Makon jiya a hanyar Gabi wata mai kifi ta sake tayar da zancen, wai ko me ya faru ai ba a duban suruki a ido. Na tambaye ta a kan wace taya take zaune. Ta ce ni dai ba a raba ni da neman faɗa, ta gyara zama a kan buhu, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.