Lemon da Na Binne a Rairayi

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, na fara dafa lemon tsamiya da citta ina ɗurawa a kwalabe, maigidana yana kai wa wani mai kanti a Bici a bayan kekensa. Sau biyu ana dawo mini da kayana. Wai mai kantin ya ɗaga kwalba a rana ya ce, "Malam, wa zai sayi ruwan kududdufi?"

Na tace da rariya, na tace da sabon ƙyalle ninki huɗu, amma ina! Ana ɗurawa sai ya yi dususu, ƙura ta taru a gindin kwalba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ce mini, "'Yar nan, da zafinsa kike ɗurawa. Sai ya sha sanyi yake kwantawa."

Ƙauyenmu ko lantarki babu, balle firji. Na haƙa rami a gindin darbejiyar tsakar gida, na cika da rairayi, na binne tulun lemon har wuya. Rairayin kuma sai ana jiƙa shi, ga rijiyarmu ta ja baya, da ƙyar guga ke fitowa da rabi. Ragowar ruwan alwala, ɗaurayar kwanuka, duk can nake juyewa. Kwana biyu ko kaza ban bari ta raɓi wurin ba.

Rana ta uku da hantsi na ɗaga faifai, na tarar da shi garau, har fuskata nake gani. Na shiga ɗaki ɗauko kwalabe.

Ina fitowa sai ga mahaifin maigidana tsugune a bakin tulun. Dawowarsa daga gona ke nan, ya zura ludayi har ƙasa yana juyawa.

"Wa ya bar abu haka bai gauraya ba?" in ji shi. "Ai daɗin yana ƙasa."

Me zan ce wa suruki? Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya sha ludayi uku, ya sa mini albarka, ya wuce.

Na shige madafi na yi kukana. Washegari ce ranar da mai kanti ya yanka mana, ya ce in an wuce ta zai koma karɓar lemon wata mata. Ya kuwa koma.

Haka na ɗura shi a gurɓace. Maigidana ya kai wa masu noman rani a Watari, suka shanye a tsaye cikin rana. Su na ci gaba da dafa wa har kaka ta gaba.