Ranar da Ammi Ma'aruf Ya Ɗinka wa Namiji Siket

Ammi Ma'aruf tela ne a kasuwar Zahir da ke ƙasa mai tsarki, jikan Kanawan nan da suka zo Hajji suka manta hanyar gida. Shekara arba'in yana taka keke, kuma bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba.

Sai ga Abdulwadud, wani Bature Musulmi ɗan ƙasar Ailan, ya zo Umara da koren yadi mai gida-gida. Ya ce a can maza siket suke yi da shi, wai shi kilt, kowace gunduma da launinta. Yana so ya sa a bikin ƙanwarsa, amma irin nasu ba ya rufe gwiwa, ga kuma salla.

Lurwanu, telan shagon gefe, ya tuntsire da dariya. "Ya Ammi, da furfurarka za ka koma ɗinkin mata? Mayar masa, halas, shi ke nan!"

"Kai da ko aljihu sai ka karkata shi? Rufe min baki."

Kwana uku Ammi yana ninke yadin yana warwarewa, sai da layukan suka daidaita kamar sahun salla. Ya ƙara tsawon yatsu huɗu.

Ranar gwaji ya tara 'yan layi kaf. Ya ce wa Baturen, "Yalla, maza yi ruku'u mu gani!"

Bature ya sunkuya, ya yi sujada, ya miƙe. Ko ƙoƙon gwiwa bai leƙo ba.

Aka ɗauki kabbara. Abdulwadud ya sumbaci kan tsohon, ya ƙi cire siket ɗin, ya nufi masaukinsa a haka, yadi na rausaya.