Hanyar da Babu a Takarda

Shekara ashirin da shida Baba Direba ya yi yana jan motar makaranta, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Direbobin tasha suna kiransa Hawainiya, saboda ko hanya ta yi fayau ba ya wuce giya ta uku. In sun dame shi da tsokana sai ya ce su ai buhuna suke ɗauka, buhu kuwa ko ya faɗo ba ya kiran uwarsa. Shi kayansa masu rai ne, guda arba'in da biyu, kowanne da wadda ke tsaye a ƙofar gida tana jiransa.

Shi ma da buhunan ya fara. Yana saurayi babbar mota yake ja ta dogon zango, har matarsa ta haifi 'yarsu ta fari yana can wata uwa duniya, bai ga yarinyar ba sai da ta fara zama. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ajiye makulli, ya nemi aiki a hukumar ilimi, albashi kaɗan amma kwana a gida. Matar takan ce ta yi murna ta samu miji, ashe mota ce ta same shi. Kuma da gaskiyarta, don kullum da sassafe yana gindin bas ɗin da tsumma a kafaɗa, ya duba mai, ya duba ruwa, ya ƙwanƙwasa kowace taya, ya taka birki sau uku kafin ya yarda yaro ko ɗaya ya sa ƙafa. A aljihun gaban motar akwai jakar leda da yake adana takardu uku: lasin, takardar inshora, da takardar hanya.

Takardar hanyar nan ita ce tushen duk abin da ya faru. Wani jami'i ne ya zana ta tun da daɗewa, ya nuna inda motar za ta bi da inda za ta tsaya, aka buga mata hatimi, aka aika wa kamfanin inshora kwafi. A jikinta motar tana haye wata 'yar gada da ke bayan masaƙa. To, shekara tara ke nan da ruwa ya tafi da gadar. Tun daga ranar kowa yake zagayawa ta layin masu walda, wani matsattsen titi mai wucewa ta gaban gidan buga bulo, inda manyan motocin yashi ke shiga da fita. Babu wata hanyar, sai dai in motar za ta yi fiffike.

Ba wai Baba Direba ya yi shiru ba. Duk farkon shekara yakan hau bene na biyu a ginin hukumar, ya gaida jami'in sufuri, ya ce, “Yallaɓai, takardar nan fa har yanzu tana bi ta gadar da babu.” Jami'in ya ce, “Za a duba, Baba.” Jami'ai huɗu aka canza a kujerar, kowanne ya gaji amsar tare da teburin. Kuskurensa ɗaya, bai taɓa rubutawa ba. A ganinsa, rubuta wa na gaba da kai takarda kamar kai ƙararsa ne, kuma maganar da dattijo ya faɗa ido da ido ta wadatar. Bai san cewa a wannan ginin abin da bai shiga fayil ba kamar ba a taɓa faɗarsa ba ne.

Wata safiyar Talata, tsautsayin da ba ya wuce ranarsa ya same shi a layin. Motar yashi ce ta fito da baya daga gidan bulo, ba mai duba mata. Baba Direba ya taka birki, ya danna oda har hannunsa ya yi zafi, amma ta zo ta daki cikin bas ɗin daidai taga ta uku. Yara suka ɗauki ihu. Da ya ƙirga, arba'in da ɗaya sun fita da ƙujewa kawai. Ta arba'in da biyun 'yar wani tela ce, 'yar aji huɗu, ƙarfen kujera ya danne mata ƙafa. Masu walda ne suka yanka ƙarfen, shi ya ɗauke ta a hannu, tana ta ce masa takalminta ɗaya ya faɗi. Direban yashin kuwa ya tsere, kuma takardun motarsa sun daɗe da ƙarewa.

Likita ya ce ƙashin ya dagargaje a ƙasan gwiwa. Sai an yi babban aiki an sa ƙarfe, kuma in aka wuce Juma'a ba a yi ba, zancen yankewa za a koma. Telan ba shi da ƙarfin wannan. Baba Direba ya dafa shi ya ce, “Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Motar nan da inshorarta, ni nake riƙe da takardar.”

Washegari mutumin inshora ya zo ofishin jami'in sufuri, wani matashi mai ladabi, irin ladabin da ke sa gaban mutum faɗuwa. Ya shimfiɗa takardar hanya a kan tebur.

“Baba, nuna mini inda abin ya faru.”

Baba Direba ya ɗora yatsa a wani fili inda ba a zana komai ba.

“To ka gani. Mu abin da muka ɗauki nauyinsa shi ne motar a kan hanyar da hukuma ta rubuta mana. Nan wurin ba ya ciki.”

“Yaro, ai gadar shekararta tara da karyewa.”

“Mu ba a sanar da mu ba, Baba. Ka yi haƙuri.”

Ya naɗe takardunsa ya fita. Jami'in sufuri ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna kusa da shi, abin da bai taɓa yi ba.

“Baba, gaskiya zan faɗa maka. In hukuma ta yarda ta san da zancen gadar, alhaki ya dawo kanta. Daga nan sai lauyoyi, sai kwamiti, sai kotu. Ba wanda zai iya sakin komai kafin a gama, kuma ka san wata nawa ke nan. Amma in ka sa hannu cewa kai ka sauya hanya bisa ra'ayin kanka, hukuma ta fita. Yau ɗin nan sai a biya asibiti daga asusun jin ƙai, a matsayin taimako.”

“Ni kuma fa, yallaɓai?”

Jami'in ya kalli tebur. “Sallama ce, saboda sakaci. Fanshonka ma ban yi maka alkawari ba.”

“Sau nawa na hau benen nan na faɗa maka?”

“Ka faɗa, Baba. A ina aka rubuta?”

Saura shekara biyu ya yi ritaya. Ya sauko daga benen yana dafa bango, zuciyarsa cike da baƙin ciki da kunya, kamar shi ya karya gadar.

Da la'asar ya zayyana wa matarsa komai a tsakar gida. Ta ajiye wankin da take yi.

“Wallahi ba za ka sa hannu ba. Duk garin nan wa bai san gadar ta karye ba? Ka tara iyayen yara, ka tara masu walda, su yi maka shaida.”

“Za su yi. Amma shaida sai an zauna, zama sai an sa rana. Likita kuwa Juma'a ya ce.”

“To mu fa, Malam? Shekara ashirin da shida kana shafa motar nan kamar jaririya, a ƙarshe su shafa maka kashin kaji, ka ce ka gode? Su da suka yi barci a kan takarda su ci gaba da shan iska?”

Duk abin da ta faɗa haka yake. Sai kawai ya ce, “Ni na ɗauke ta a hannuna. Ba ta da nauyi ko kaɗan.” Matar ta juya masa baya, ta ci gaba da wankin tana share hawaye da kafaɗa.

Ranar Alhamis da safe ya sa hannu. Ya miƙa makulli, aka karɓa ba tare da an dube shi ba. Kafin azahar an biya asibiti, da yamma aka shiga da yarinyar ɗakin tiyata.

Ya bari sai da ta kwana uku kafin ya je dubiya, da ledar lemu a hannu. A bakin ɗakin ya tarar da telan. Mutumin da shekara huɗu yake ɗaga masa hannu kowace safiya, yau ya ƙi amsa sallamarsa.

“An nuna mini takardar,” in ji telan. “Da hannunka ka sa. Ashe gaban kanka ka yi da 'ya'yan mutane? Ba don hukuma ta tausaya mana ba, da yanzu 'yata gurguwa ce. Mun yarda da kai, Baba. Ka tafi, don Allah, kar na faɗi abin da zan yi nadama.”

Baba Direba ya buɗe baki. Jami'in ya riga ya gargaɗe shi cewa akwai aiki na biyu nan da wata uku, kuma daga asusun nan za a biya shi muddin maganar ta tsaya yadda aka rubuta ta. Ya mayar da bakin ya rufe.

“Yaya ƙafar?” ya tambaya.

“Likita ya ce za ta taka.”

“Alhamdu lillahi.”

Ya ajiye ledar a kan benci, ya juya. Bai yi taku biyar ba ya ji muryarta daga cikin ɗakin, siririya, tana cewa, “Abba, Baba Direba ne? Ka ce masa in na warke ya tsaya mini a ƙofar gida, kar ya tafi ya bar ni.”