Uku-Uku Ake Sauka

Kawu Foti mai walda ne. Shekara talatin ya yi yana ɗinke cikin jiragen ruwa a ma'aikatar gyaransu ta Odessa, har bayan hannuwansa ya cika da ƙananan tabo farare kamar an watsa masa gishiri. Ɗakinsa yana kallon nawa a tsakar gidanmu da ke unguwar Moldavanka, inda iyali goma sha ɗaya muke shan ruwan famfo guda. A barandarsa kullum akwai igiya da ƙananan kifaye suna bushewa, kuliyoyin unguwa kuwa suna ƙasa, sun ɗaga kai kamar masu sauraron lacca. Ba shi da yawan magana. Fito yake yi, kuma waƙar guda ce tak, gajeriya, ta hau sau uku ta sauko sau ɗaya. Da ita yake fita aiki, da ita yake dawowa, har yaran gidan suka iya ta.

A bazarar 1978 ma'aikatarsu ta saka masa da tikitin jirgin ruwan yawon buɗe ido, mako biyu a Bahar Rum. Ni ma ina cikin tafiyar, ƙungiyar marubuta ce ta tura ni in riƙa karanta wa fasinjoji waƙoƙina bayan cin abinci. Lokacin ina da shekara talatin da biyar da littafi biyu, kuma na yarda da kaina fiye da yadda ya dace.

Kafin a ba mu fasfo duk mun cika fom ɗin nan mai shafi huɗu. Akwai layin da ke tambaya ko mutum yana da dangi a ƙasar waje. Kowa ya san abin da ake rubutawa a wurin, kalma ɗaya ce, kuma Kawu Foti ya rubuta ta: babu.

Dokar sauka ma kowa ya san ta. Uku-uku ake sauka, uku-uku ake dawowa. Ba a shiga gidan kowa, ba a karɓar kyauta, ba a rabuwa ko don shan ruwa. Mai kula da wannan doka Kwamared Tsybulko ne, mai kwat ruwan toka, wanda aka ce mana masanin zane-zane ne, ko da yake bai taɓa ɗaga ido ya kalli zane ba, mu yake kallo. Shi ya haɗa ni da Kawu Foti da Raisa Markovna, likitar haƙori mai bakin da ya fi kayan aikinta kaifi, ya kuma naɗa ni shugaba.

"Madalla," in ji Raisa Markovna. "Mawaƙi a gaba, mai walda a baya. In jirgin ya fashe ɗaya ya liƙe, ɗaya ya yi mana kuka."

A Piraeus, tashar jiragen ruwa ta Girka, bayan an kai mu mun ga duwatsun tarihin da ake kai kowa gani, aka ba mu awa biyu a kasuwar bakin tasha. Muna tsaye gaban wani shagon takalma sai Kawu Foti ya riƙe mini hannun riga.

"Venya, ƙanena, ara mini minti arba'in."

"Na me, Kawu?"

Ya ciro wata tsohuwar ambulan daga cikin hularsa, ta yi laushi kamar tsumma. A nan, gaban takalman mata, ya gaya mana abin da bai taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba. A 1939, bayan hukuma ta tafi da mahaifinsu, aka sa mahaifiyarsu da yayarsa Evdokiya a jirgi zuwa Girka, ƙasar kakanninsu. Shi yana kwance a asibiti da zazzaɓi, yana da shekara goma, aka bar shi wurin gwaggo a kan zai biyo jirgi na gaba. Jirgi na gaba bai zo ba. Wasiƙa ɗaya ce ta iso bayan yaƙin duniya, mai cewa uwar ta rasu, kuma adireshin da ke bayanta bai fi tafiyar kwatan awa daga inda muke tsaye ba.

"Haba, bawan Allah, shi ne kake nan kana neman izinin wannan yaro?" in ji Raisa Markovna. "Tafi! Ni zan gwada takalman da ba zan saya ba, mawaƙi kuma zai yaba ƙafata."

Amma ban zauna ba, na bi shi. Na daɗe ina gaya wa kaina zumunci ne ya sa. Tsoro ne. In ya ƙi dawowa, ni ne shugaba, ni za a tambaya.

Muka hau wani siririn lungu mai warin kifi da kwalta. Ya tsaya gaban wani ƙaramin gida, ni na laɓe a tsallake jikin bishiyar lemo. Wata dattijuwa tana shanya a ƙofa, ta ba mu baya. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita, don yaren uwarsa ya daɗe da tserewa daga harshensa. Sai ya yi fito. Ta hau sau uku, ta sauko sau ɗaya.

Zanen gadon da ke hannun matar ya faɗi ƙasa. Ba ta juyo nan take ba. Sai da ta ƙarasa masa waƙar, ashe akwai rabi na biyu da bai taɓa yi mana ba.

Sauran ba zan sake rubuta shi ba. Na riga na rubuta shi sau ɗaya.

Mun koma jirgi da lattin minti goma, shi da kwalbar zaitun a ƙarƙashin riga, yana ta maimaita mana cewa ya yi mata alkawari zai sake neman tikiti baɗi ko baɗin baɗaɗa. Tsybulko yana tsaye a kan matakala yana kallon agogo. Bai ɗaga murya ba. Ya ba kowannenmu takarda ya ce mu rubuta bayani, don cika ƙa'ida kawai.

"Kai kam, Veniamin Osipovich, ba sai an koya maka ba," ya ce da murmushi. "Alƙalami ai gonarka ce."

Raisa Markovna ta rubuta layi uku a tsaye: mun ɓata hanya wajen neman banɗaki, tsohon yana da ciwon mara. Kawu Foti ya kwafi nata har da kuskuren da ta yi. Ta wuce ni a baranda ta ce, "Banɗaki, mawaƙi. Ka ji? Ko kai ma za ka iya rubuta banɗaki."

Na zauna da niyyar rubuta shi. Amma abin da na gani a lungun nan yana ta motsi a ƙirjina, jimloli suna zuwa da kansu, kyawawa, irin waɗanda na yi shekara biyu ina jira. Na ce wa kaina ba mai zuciyar da zai karanta wannan ya hukunta mutum. Na ce gaskiya in an faɗe ta da kyau takan zama garkuwa. Na cika shafi biyu. Na sa fiton, na sa zanen gadon, na sa ɗankwalinta, na sa yadda ta shafa tabon hannuwansa ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na karanta, na ji daɗi. Wannan ne abin da har yau ba na iya kallo: na ji daɗi. Har na kwafe shi a littafina kafin in miƙa.

Tsybulko ya karanta a gabana, ya ja layi ƙarƙashin kalma biyu kawai: yayarsa Evdokiya. Ya ɗauko fom ɗin Kawu Foti ya ajiye kusa da su, ya ɗora yatsa a kan babu.

A Naples da duk sauran tashoshin, Kawu Foti bai sake taka ƙasa ba. Mu biyu aka haɗa mu da wani, shi kuma yana saman jirgi, hannu a kan ƙarfe, yana kallonmu muna sauka. Raisa Markovna ba ta sake yi mini magana ba, ko zagi.

Da muka dawo aka cire shi daga aikin jirage, tunda jirage suna zuwa waje. Aka mayar da shi liƙin shingen lambuna da kwandunan shara. Ya nemi izinin fita sau huɗu. Evdokiya ta rasu shekara takwas bayan nan, shekaru kaɗan kafin a buɗe ƙofa ga kowa.

Ni kuwa na koma fita ta ƙofar baya don kada mu haɗu a famfo. Wata uku ina haka. Wata ranar Lahadi da hantsi ya tare ni ina zubar da shara.

"Venya. Sun karanta mini bayaninka a ofis."

Na tsaya da bokiti a hannu, na rasa inda zan sa idona.

"Da sauri suka karanta, suna dariya. Kana da kwafi?"

Na so in ce babu. Wannan karon ma na kasa.

Ya zauna a bakin matakala, ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa. Ya daɗe a shafi na biyu.

"Ɗankwalinta mai ɗigon fari ne? Ban gani ba. Idona ya cika." Ya ci gaba, sai ya tsaya. "Amma ƙofar ba shuɗiya ba ce. Koriya ce. Ita na kalla kafin in yi fito."

"Shuɗiya ta fi zama a jimlar, Kawu."

Ya cire tabarau ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Ashe ka iya ƙarya, ƙanena. Wurin sa ta ne ba ka sani ba."

Ya ninke takardun ya sa a cikin hularsa, tare da ambulan. Ya zauna gidan nan shekara goma sha tara bayan haka, yana gaishe ni kowace safiya, wani lokaci har ya miƙo mini kifi daga igiya. Fiton ne dai ban sake ji ba.